Maza Biyu Suka Miƙe Ranar da Na Kare Kundina

Ranar Litinin da na tashi daga aiki, sirdin kekena ne kaɗai babu ƙanƙara a kai. Kekuna sun fi talatin a jere bakin asibiti, kowanne ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari, nawa kuwa baƙi wuluk, har da shatin yatsu huɗu inda aka share shi da safar hannu. Na tsaya ina kallonsa kamar wadda ba ta taɓa ganin sirdi ba.

Na san wanda ya yi. Ku ma da kuka daɗe kuna bin labarin nan kun sani. Sababbin zuwa kuma, sunansa Aatos, shi ke kula da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a hawan ƙasa na asibitinmu a birnin Kuopio. Dogo ne, kunnuwansa kan yi ja in an yi masa magana ba shiri. Shekara huɗu muna aiki tare, amma in aka tattara duk maganar da ya yi mini wadda ba ta aiki ba, ba za ta cika bayan ambulan ba. Tawa kuma ba ta kai tasa ba.

Wadda ta rubuto a ƙasan kashin da ya wuce, "Haba Vilja, ki buɗe baki mana!" na gani, na gode. Ki zo ki nuna mini inda maɓallin yake.

Ranar Juma'ar wannan makon zan kare kundin digirina na uku. Shekara shida ina bin wani ɗan kumburi da ke fitowa a jikin jijiyar jini cikin ƙwaƙwalwa, ƙarami kamar ƙwayar wake. Yakan zauna shiru shekara da shekaru mai shi bai sani ba, sai ranar da ya fashe. Na Babana ya fashe ina 'yar shekara goma sha huɗu, yana tsaka da faskare a bayan gida. Ya rayu, amma ɓarin damansa ya shanye, magana kuma ta dawo masa a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. Abin yakan bi dangi, shi ya sa na kama neman 'yan'uwan waɗanda nasu ya fashe, ina lallashinsu su zo a duba kansu tun da wuri. Ni ke lallashi, Aatos ke kwantar da su a na'ura, yana lulluɓe musu ƙafa da bargo.

Bayan kare kundi akwai karonkka, liyafar yamma da ake yi don girmama farfesar da za ta zo ƙalubalantata. Na kama ɗakin cin abinci a bakin tafki, kujera ashirin da huɗu. Na rubuta suna ashirin da uku. Ta ashirin da huɗu ita ce mai fuskantar tawa, ta masoyin da mai kundi ta zo da shi, kuma sunansa ne ake ambata a ƙarshe cikin jawabin godiya. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Wata biyu ina so in ce wa Aatos kujerarsa ce.

Daren Litinin ɗin ina cin burodi a tsaye a kicin, wayata ta yi ƙara. Mama ce.

"Kujerar nan fa?"

Na rubuta: "Wace kujera?"

"Kar ki mai da ni yarinya. Na ƙirga sunayen sau biyu."

Sai ga wani: "Jyrki ya sayi sabuwar kwat."

"Allah ya sa ta yi masa daidai."

"Shekararki talatin, Vilja. Kundi ba ya kunna murhun sauna." Sauna ɗakin wankan tururi ne, kusan kowane gida a ƙauyenmu na da shi.

Jyrki ɗan maƙwabtanmu ne a ƙauye, yana da daji nasa da injin sare itatuwa mai tayoyi takwas. Ba mugu ba ne, kar ku zage shi a ƙasan nan. Duk hunturu shi ke share wa iyayena ƙanƙarar hanya da tarakta tun kafin su farka, bai taɓa fashi ba. Matsalarsa ɗaya, in yana magana tsuntsaye kan tashi daga kan itace. Kuma tun muna firamare ya yanke cewa ni za a aura masa, bai taɓa jin akwai buƙatar ya tambaye ni ba.

Na buɗe shafin Aatos a waya. Na rubuta masa layi tara, har da "idan ba zai takura maka ba" sau biyu. Na goge. Na rubuta layi uku. Na goge. A ƙarshe abin da na tura shi ne: "Na gode da sirdi."

Minti huɗu ana nuna yana rubutu. Sai ga amsa: "Wane sirdi?"

Bayan minti ɗaya kuma: "Ba komai."

Na kifa wayar a kan tebur na yi ta dariya ni kaɗai, kamar wata taɓaɓɓiya.

Ranar Laraba na ce yau kam baki da baki. Na sauka hawan ƙasa, na same shi yana naɗe barguna. Na riga na haddace jimlar tun daga bene: Aatos, ina so ka zo liyafata, ka zauna a gabana.

"Aatos."

"Vilja."

"Hotunan watan jiya... sun shiga ma'ajiya?"

"Tun watan jiya."

"Madalla."

Ya ɗaga bargo ya duba gefensa kamar akwai rubutu a jiki. "Juma'a zan zo in saurara. In an yarda."

Ga ƙofa a buɗe, jama'a. Ga ta nan wangale. Kun san abin da bakina ya ce?

"Ai kowa na iya zuwa, ba a hana kowa."

"To," in ji shi.

"To," in ji ni.

Na hau bene ina jin kamar in kwanta a na'urar tasa a duba ko da wani abu a cikin kan nan.

Alhamis da rana iyayena suka iso, Jyrki ya tuƙo su. Mama ta shigo da akwati biyu da tire uku na wainar garin hatsi mai cikin shinkafa, ta ce kek ɗin jami'a ba ya ƙosar da mutum. Jyrki ya shigo ɗauke da jakar Baba, ya buga kansa a fitilar falo.

"Likita! Ko in ce Dakta tun yanzu? Ke wannan gida naki, ai rumbun itacena ya fi shi girma."

"Sannu da hanya, Jyrki. Takalmi."

Ya cire takalmi yana dariya. Mama ta wuce kai tsaye ta buɗe kabad, ta zaro rigar da zan sa. Baƙa ce mai dogon hannu, wuyanta a rufe, ta sauka ƙasan gwiwa, yadda dokar jami'a ta ce.

"Wa ya mutu?"

"Haka ake sawa, Mama."

"Ko ɗan kunne babu? Ga sarƙar kakarki na kawo."

"Ba a sa ado mai ƙyalli."

"Yarinya za ta tsaya gaban mutum ɗari, an hana ta kyau. Wace irin makaranta ce wannan?"

Ta sa ni na gwada duk da haka, ta zagaye ni sau biyu da allura a baki, ta rage ƙugun da ɗan yatsa ɗaya. Gaskiya rigar ta fi zama bayan ta taɓa ta. Ban gaya mata ba.

Ina cikin ɗaki ina cirewa na ji falon ya yi shiru. Gidan da Jyrki ke ciki ba ya shiru. Na leƙa: suna kicin su biyu, kai a haɗe, Mama na rubutu a bayan takardar sayayya, shi yana gyaɗa kai. Baba na zaune a kujerar bakin taga, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ya yafito ni da hannun hagu.

"Uwarki," ya ce, ya huta. "Tana ƙulla... wani abu."

"Mene ne, Baba?"

Ya ɗaga kafaɗa ɗaya, wadda ke ɗaguwa. "Ni... ba a sa ni."

Da ma na bi wannan magana. Amma kaina na cike da lissafi da jadawali, na ce bari su ƙulla, kujera dai tawa ce.

Juma'a, sha biyu da kwata daidai, aka buɗe ƙofar zaure, jama'a suka miƙe. Ni a gaba, bayana Ahti, malamina, wanda shi ne shugaban zama, sai Farfesa Ingvild da ta zo daga Norway don ta ƙalubalance ni. Su biyun kowa riƙe da doguwar hularsa ta dakta a hannu, suka ajiye a kan tebur. Na duba sahun gaba: Mama, Baba, Jyrki cikin sabuwar kwat shuɗiya da ta matse shi a hammata. Na duba can baya. Sahun ƙarshe, kusa da ƙofa, ga kunnuwa biyu jajaye.

Sai na ji numfashina ya daidaita.

Ba zan gajiyar da ku da awa biyun nan ba. Farfesa Ingvild 'yar ƙaramar mace ce mai murmushi, irin murmushin da ke zuwa kafin a yanka ka. Ta tambaye ni me ya sa matan da ke shan taba suka fi yawa a jadawalina na uku. Ta tambaye ni hawan jini. Ta buɗe shafi na sittin da biyu ta ce, "Wannan lambar, kin yarda da ita, ko kina fata ne?" Na ce rabi da rabi, zaure ya yi dariya, ita ma ta yi. Wajen da aikin ke da rauni na amsa cewa yana da rauni. A ƙarshe ta miƙe, na miƙe, ta ce tana ba da shawarar a karɓi kundin. Na ga Baba yana goge ido da bayan hannun hagu.

Saura abu ɗaya. Na juya ga jama'a na faɗi jimlar da kowane mai kare kundi ke faɗa: duk wanda ke da ja a kan wannan aiki, ya nemi izini wajen shugaban zama ya yi magana.

Jimlar al'ada ce kawai. Ba a miƙewa. Ahti ya ce cikin shekara talatin sau ɗaya ya ga an miƙe, shi ma wani tsoho ne da ya ɓata hanyar ɗakin haƙori. Har Ahti ya miƙa hannu zai ɗauki hularsa.

Kujera ta yi ƙara a sahun gaba.

Jyrki ne tsaye, da takardar sayayya a hannu.

A nan na gane ƙullin. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida: duk wanda ya miƙe ya yi ja a zaure, dole mai kundi ta gayyace shi liyafar yamma. Daga baya na ji cewa matar limamin cocin ƙauyenmu ce ta gaya wa Mama. Mama na zaune ta haɗa hannu a cinya, tana kallon silin kamar waliyyiya.

Ahti ya janye hannu daga hularsa. "Bismillah, malam. A taƙaice."

"Sunana Jyrki, maƙwabcinsu ne." Muryarsa ta daki bangon baya ta dawo. Ya duba takarda, ya juya ta, ya sake juyawa. "Ba na gane rubutun nan. To bari in yi tawa. Vilja, wato Dakta. Kawuna Veikko, kin san shi, ya faɗi a sauna shekarar da tafki bai daskare ba. Zafi ne ya fasa masa jijiya ko ba zafi ba?"

Dariya ta ɗan tashi. Na amsa yadda zan iya, na ce ban duba kawunsa ba, amma taba da hawan jini sun fi zafin sauna laifi. Na ɗauka an gama. Jyrki kuwa ya ji daɗin dariyar, ya gyara tsayuwa.

"To ɗaya kuma. Ni in na shiga daji da safe, da yamma kowa na ganin itacen da na sare a jibge. Ke shekara shida kina kallon hotuna a ɗaki mai duhu, kin bar gida, kin bar iyayenki. Wa kika warkar? Ina nufin mutum, mai suna."

Bai faɗa da mugunta ba, na rantse. Shi a ganinsa raha ce. Amma zauren ya yi tsit. Ni da na tsaya awa biyu gaban Farfesa Ingvild ban karye ba, sai ga shi tambayar Jyrki ta karya ni. Don tambayar da nake yi wa kaina ke nan duk ranar da na ga Baba yana fama da maɓallin rigarsa. Amsar tana cikin kundin, na sani. Na neme ta a kaina na rasa.

Sai wata kujera ta yi ƙara, can baya.

"Mai girma shugaban zama, ina neman izini."

Ban taɓa jin muryar Aatos daga nesa ba. Kunnuwan nan sun wuce ja, sun koma kalar garwashi. Yana riƙe da kundina, gefensa duk ƙananan takardu masu launi.

Ahti ya ɗaga hannu kamar wanda ya sallama wa duniya. "Bismillah."

"Mai girma mai kare kundi." Ni ke nan. "Shafi na saba'in da huɗu. Mutum nawa muka... mutum nawa aka kwantar a na'ura?"

"Ɗari shida da arba'in," na ce. Wannan ko a barci na sani.

"A cikinsu, nawa aka samu da kumburin da ya isa a toshe, aka toshe shi kafin ya fashe?"

"Goma sha tara."

"Suna ina yanzu?"

"Suna..." Muryata ta dawo. "Suna gidajensu. Suna zuwa aiki. Ɗaya ta haihu bara."

"Ba a faɗin sunayensu a zaure," in ji Aatos, yana kallon ƙasa, ba Jyrki ba. "Amma suna da suna. Ni na lulluɓe musu ƙafa. Shi ke nan, na gode."

Ya zauna da sauri har kundin ya faɗi daga hannunsa. Ba a tafa hannu a wannan wuri, amma na ji wani ya buga sanda a ƙasa sau biyu. Baba ne. Jyrki ya sosa ƙeya ya ce, "To ai shi ke nan, sha tara ba kaɗan ba ne," ya zauna. Ahti ya rufe zama da sauri kafin wani na uku ya miƙe.

A farfajiya an jera gahawa da kek, Mama ta riga ta tura kek ɗin gefe ta baje wainarta a tsakiya. Ina ta karɓar hannu da furanni, Ahti ya matso kusa da kunnena.

"Kin san dole ki gayyace su, su biyun."

"Ahti, kujera ɗaya ta rage."

"Kar ki damu. Ke ki gayyata, su kuma su yi godiya su ƙi. Haka ake yi tun kafin a haife ni. Kowa ya sani."

Kowa ya sani, ban da matar limami. Rabin ƙa'idar kawai ta ji.

Jyrki na fara samu, don shi ba a nemansa. Na tsaya a gabansa na ce, "Tunda ka yi ja a zaure, ina gayyatarka liyafar yamma."

"Ƙarfe nawa?"

"Jyrki... yawanci akan..."

"Bakwai, ko? Mama Sirkka ta ce bakwai. Kifi za a ci ko nama? Ni duk ɗaya ne, in dai da dankali." Ya juya ya ɗaga wa Mama babban yatsa daga nan inda yake. Ahti ya ƙware da gahawa, Farfesa Ingvild ta shiga bubbuga masa baya.

Na ce a raina ba komai. A ƙaro kujera. A zaunar da Jyrki kusa da Goggo Ritva, ita ma ba ta jin magana sai an ɗaga murya, sun dace. Wadda ke gabana dai tana nan, kuma yau ƙa'ida da kanta ta ba ni dalilin buɗe baki.

Aatos na tsaye bakin taga shi kaɗai, kofi a hannu, kundina a hammata. Na taka zuwa wajensa. Taku goma sha ɗaya, na ƙirga.

"Barka," ya ce. "Dakta."

"Na gode. Da... da abin da ka yi."

"Shafi na saba'in da huɗu ne ya yi."

Yanzu, Vilja. Kujerarka ce tun wata biyu. Tun kafin ka miƙe. Ga kalmomin nan a maƙogwarona, a jere, kamar kekunan bakin asibiti. Na buɗe baki, sai ga abin da ya fito:

"Tunda ka yi ja a zaure, ina gayyatarka liyafar yamma."

Kalma da kalma, yadda na gaya wa Jyrki. Kuma ya ji lokacin da na gaya wa Jyrki, ai duk farfajiyar ta ji.

Aatos ya shekara tara a asibitin nan. Ya halarci kare kundi ya fi ashirin. Ya san ƙa'idar duka, kai da jela. Ya dube ni ido cikin ido, karo na farko cikin shekara huɗu, kamar yana neman wani abu a bayan jimlar. Ni kuwa na kalli maɓallin rigarsa.

Ya ɗan rusuna. "Na gode da karramawa. Amma ba zan samu zuwa ba."

"A'a, Aatos, ba wai..."

"Vilja! Hoto!" Hannun Mama ya kama gwiwar hannuna. "Mai hoto zai tafi. Jyrki, zo nan, tsaya ta damanta. Riƙe mata furannin. Ke kuma ki yi murmushi, yau ranarki ce."

Aka jera mu. Mama a hagu, Jyrki a dama da furanni kamar ango, hammatar kwat ɗinsa ta riga ta ɓarke. Mai hoto ya ce mu kalle shi. Kowa ya kalle shi, ban da ni.

Ta saman kafaɗar mai hoto na ga Aatos ya shanye gahawarsa, ya ajiye kofin a kan tire. Ya ga farantin Baba babu komai, ya karɓa ya ajiye masa. Baba ya riƙe hannun rigarsa da hagu, bakinsa na motsi, yana haɗo kalma. Aatos ya tsaya, ya jira, yadda yake jiran masu tsoron na'ura. Kalmar ba ta zo ba. Ya dafa hannun Baba a hankali, ya zare nasa.

Ya ɗauki rigar sanyinsa daga maratayi, ya sa kundina a aljihun ciki, ya ja zif har wuya.

"Dakta, nan za ki kalla," in ji mai hoto. "Ɗaya, biyu..."

Kafin ya ce uku, ƙofar ta rufe a bayansa, ko ƙara ba ta yi ba.